Tambaya ta Goma Sha Bakwai

3 ga Maris

Zuwa ga 'yata,

Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, da fatan wankin ƙodar wannan makon bai wahalar da ke ba. Mu nan ga yadda muke. Ni lafiyata ƙalau, sai gwiwar hagu da kunnen nan da ya hana ni jin muryarki a waya, sai dai gunji kamar injin niƙa. Gwaggonki hawan jininta ya sauka. Kawunki ya zame a banɗaki amma ya tashi, surutunsa ma ya fi na da. Auta lafiya lau. Tun ranar da likitocinku suka ce jininsa ya dace kuma zai iya ba ki ƙodarsa ɗaya, bai ƙara sa sigari a baki ba. Ruwa yake ta ɗirka kamar raƙumi, wai yana wanke miki kayanki kafin ya kawo.

Fasfo ya fito. Sau uku muka je ofishin, muna zama kan dogon benci da lamba a hannu. Ranar ta uku aka miƙo masa ta taga. Na sa yatsa na karanta sunansa da kaina, harafi bayan harafi, har mutumin da ke bayanmu ya ce, "Inna, a gida ake yin karatun." Yanzu saura biza. An ce sai an cike fom a shagon kwamfuta, sannan ofishin jakadancinku ya ba shi ranar ganawa. Kin ce asibiti sun sa ranar aiki shida ga Mayu, na rubuta a bangon ɗakina.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Kin tuna shekara takwas da suka wuce, da na aiko miki cewa Auta ya tafi koyon walda a wani gari mai nisa? Waldar ya koya, gaskiya ne, amma a gidan yari ya koye ta. A tashar mota inda yake lodin kaya wani mutum ya mare shi a gaban jama'a, shi kuma ya ɗauki ƙarfen kwance taya ya karya masa hannu da muƙamuƙi. Kotu ta ba shi shekara biyu, ya yi su cif. Da ya fito muka bar tsohon garinmu muka dawo nan inda ba wanda ya san mu.

Kada ki ce na mai da ke bare. A lokacin ban iya rubutu ba. Mai rubuta wasiƙa a ƙofar gidan waya shi nake gaya wa magana yana rubutawa, kuma bakinsa ba ya riƙe komai. Yaya zan zauna a gabansa in ce ɗana yana ɗaure? Abin da ya kai ni ajin yaƙi da jahilci ke nan da furfura a kaina, don in gaya miki da hannuna. Na iya rubutun shekara huɗu ke nan, sai ga shi ban gaya miki ba sai yau.

Malamarmu ta ce irin wannan fom yakan tambayi ko an taɓa ɗaure mutum. A ofishin fasfo ba wanda ya tambaye mu komai, sai nake ganin ko maganar ta mutu. In ya ce e, ba za su rufe masa ƙofa ba? In suka rufe, ke fa? Ba zan taɓa fom ɗin ba sai amsarki ta iso. Ki gaida maigidanki da ƙaramin maigidana, ki ce masa na ga hotonsa da wawulo, na fasa auren.

Mahaifiyarki.

13 ga Maris

Inna,

Ina rubuto miki daga kujerar wanki, hannu ɗaya a jikin na'ura, ɗayan a kan takarda, don haka ki yi haƙuri da rubutun, yau naki ya fi nawa kyau. Jikina da sauƙi, sai kumburin ƙafa. Jikanki ya ce shi ma dama ya fasa, kin yi masa tsufa.

Inna, na sani. Tun watan Auta na biyu a gidan yari na sani. Auta ya rubuto mini wasiƙa goma sha ɗaya daga can, suna nan cikin akwatina. Shi ya roƙe ni kada in nuna miki. Ya ce ki samu ko mutum ɗaya a duniya da za ki riƙa yi wa hira kina ɗaga kai. Duk lokacin da kika aiko cewa ubangidansa na walda yana yabonsa, sai in yi dariya in yi kuka. Ban yi fushi ba, ko kaɗan.

Amma ki karanta wannan a hankali, ki maimaita. Kada a ɓoye komai a fom. A asibitin nan akwai wata jami'a mai kula da takardun masu zuwa daga waje. Tun farko na gaya mata labarin Auta, ta kuma rubuta shi a cikin takardar gayyatar da asibiti ya aika kai tsaye zuwa ofishin jakadanci: laifin da ya yi, shekarun da ya yi, da cewa shekara shida ke nan bai sake ko faɗa ba. Takardar tana hannunsu yanzu haka. Ta ce ɗauri kaɗai ba ya hana mutum shigowa, suna duba girman laifi da daɗewarsa da dalilin tafiya. Abin da ba sa yafewa shi ne ƙarya. Wanda suka kama ya ɓoye, suna iya hana shi shigowa shekara goma. Inna, ni ba ni da shekara goma.

Jiya na kira Auta. Yana cikin ƙarar inji, ya ce, "Yaya, kwantar da hankalinki, Inna ta je ta cike tun makon jiya, har an ba mu rana." Kin ce za ki jira ni. Ban tambaye shi komai ba don kada in tayar masa da hankali. Ke nake tambaya. Me kika ce musu?

'Yarki.

24 ga Maris

'Yata,

Gaisuwa. Kowa lafiya, ni ce dai ba lafiya ba, kuma ba ciwon jiki ba ne. Takardarki ta iso shekaranjiya. Na karanta ta sau uku, a na ukun ina zaune a ƙasa.

Na ce a'a.

Bari in gaya miki yadda aka yi, ba don in wanke kaina ba. Kwana uku bayan na aika miki wasiƙa, mai shagon kwamfuta ya tare ni a hanya ya ce ranakun ganawa suna ƙarewa, in muka ƙara mako ɗaya sai bayan Mayu. Auta yana kan aikin ƙofofin wata makaranta da yake so ya gama kafin tafiya. Ya miƙo mini jakar takardu ya ce, "Inna, ke ce 'yar bokon gidan nan yanzu, je ki. Duk abin da aka tambaye ki ki faɗa yadda yake." Na ji daɗin maganar, har na sa sabon mayafi.

Kin san irin shagunan nan, ɗan tsukukun ɗaki, fanka ɗaya, injin kwafi yana huci, kujera uku. Fom ɗin da harshen ƙasarku yake, mai shagon ne yake fassara mini yana bugawa. Shi kuwa ya san kunnena, saboda haka duk tambaya sai ya ɗaga murya kamar mai kiran fasinja. Sunan uba, ranar haihuwa, sana'a, ina amsawa. A kujerar gefena kuma ga matar mai kanti ta zo kwafin takardu. Ban gaya miki ba, 'yarta Auta yake nema, magana har ta fara nisa, kuma ba su san komai ba.

Sai mai shagon ya ce, "Ta goma sha bakwai! Inna! An taɓa kama shi, ko kotu ta ɗaure shi?" Har ya yi dariya ya ce, "Wannan ta 'yan iskan gari ce, amma dole in tambaya." Matar mai kanti ta ce, "Haba malam, wannan yaron da ko murya ba ya ɗagawa?" Duk shagon ya juyo ana kallona ana murmushi. Wallahi 'yata ban yi shawara da zuciyata ba. Bakina ne ya buɗe ya ce a'a, yadda ya saba faɗa shekara takwas. Ya danna, ya wuce zuwa ta goma sha takwas. Da ina da hankali da na ce ya ba ni takarda in rubuta masa amsar, tunda na iya. Sai a hanyar gida wannan dabarar ta zo mini.

An ba mu ranar ganawa, sha huɗu ga Afrilu. Ranar Alhamis Auta ya karɓo takardar shaidar 'yan sanda, wadda suka ɗauki zanen yatsunsa saboda ita. Maganar ba ta mutu ba. Ga ta nan, da ranar da komai. Ya nuna mini ya ce, "Ba komai Inna, ai mun riga mun faɗa musu." Na ce masa haka ne.

Kwafin fom ɗin yana ƙarƙashin katifata. Auta yana yi mini maganar irin takalmin da zai saya saboda sanyinku, ni kuwa na kasa kallon fuskarsa. Ni na haife ki, ga shi ni zan kashe ki da kalma ɗaya don jin kunyar matar mai kanti. Ki tambayi jami'ar nan ko akwai gyara. In ana ɗaure mutum kan wannan, ni za a ɗaure, ki gaya mata haka. Ki amsa ta hanyar da ta fi sauri, ko ta wayar Malama ce.

Mahaifiyarki.

2 ga Afrilu

Inna,

Wannan rubutun maigidana ne, ni nake faɗa yana rubutawa. Jijiyar hannun da ake yi mini wanki ta toshe, an koma ta wuya, an kuma kwantar da ni. Zai ɗauki hoton takardar ya tura wayar Malamarku.

Ba zan ɓoye miki ba, wannan karon na yi fushi. Kwana biyu ban iya maganarki ba. Ina kwance ina kallon silin ina cewa, wai matar mai kanti! Matar da ko fuskarta ban sani ba! Yanzu ya wuce, ba ni da ƙarfin riƙe shi.

Jami'ar ta ce ba ta yi mana alkawarin komai ba, amma akwai hanya ɗaya. A cike sabon fom da amsar gaskiya kafin ranar ganawa. Auta ya tafi da tsohon da sabon, kuma shi zai fara faɗa tun kafin a tambaye shi. Wanda ya ba da amsar farko ya rubuta yadda aka yi, ya sa hannu, a fassara. Ke ke nan, Inna. Kada ki ƙawata, kada ki rage.

Maigidana ya ce bari ya kira Auta ya gaya masa. Na hana. Ba daga bakinmu zai ji ba. Kin je makaranta da tsufanki don ki faɗi wannan maganar, to ga ranarta ta zo. Ki tashi yau, kada ki jira gobe.

Ina son ganinki, Inna. Ina son ki zo ki yi mini faɗan ban cin abinci.

'Yarki.

15 ga Afrilu

'Yata,

Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki, Allah ya saka masa. Gwaggonki lafiya, kawunki lafiya, Auta lafiya. Gwiwata ta kumbura saboda tsayuwar jiya, ba komai ba ne.

Ranar da Malama ta kawo mini saƙonki, ban shiga ɗaki ba, daga ƙofar gida na wuce shagon walda. Rana tsaka, yana tsugune kan wata ƙofa, wuta tana tartsatsi. Na tsaya har ya ɗaga gilashin fuskarsa. Na miƙa masa fom ɗin na nuna masa lamba goma sha bakwai da yatsa, na gaya masa duka. Ya kashe injin. Ya zauna kan durom. Na ce, "Zage ni, Auta." Ya ce wani abu ban ji ba, na ce ya ƙara. Ya matso kusa da kunnena ya ce, "Inna, ni shekara biyu na yi na fito. Ke yaushe za ki fito?" Daga nan ya wanke hannu ya ce mu tafi.

Shagon kwamfuta a cike yake kamar kullum. Matar mai kanti ba ta nan, amma ƙanwarta tana nan, wadda ta fi ta baki. Da mai shagon ya ji abin da ya kawo mu sai jikinsa ya yi sanyi. Da ya iso tambaya ta goma sha bakwai, ya yago 'yar takarda ya turo mini da biro, wai in rubuta a ɓoye. Na mayar masa. Na ce, "Tambaye ni yadda ka tambaye ni wancan karon." Ya tambaya. Na ce, "E. Shekara biyu. Ya yi su ya gama, ga shi nan tsaye, kuma ƙodarsa zai kai wa yayarsa." Ban san da ƙarfi na faɗa ba sai da na ga mai gyaran takalmi na waje ya leƙo. Mai shagon ya buga amsar.

Kafin la'asar unguwa ta ɗauka. Matar mai kanti ta daina amsa gaisuwata, kuma an aiko cewa a dakata da maganar yaran. Auta kuwa na ga ya rage cin abinci. Wannan ma ni na jawo, da tun farko aka faɗa musu cikin mutunci da ba haka ba.

Takardar da kika ce in rubuta, sau bakwai na rubuta ta. Ta farko na sa cewa ban ji tambayar da kyau ba saboda kunne, sai na yaga, don na ji ta sarai. Ta ƙarshe layi tara ce. Na ce ni ce uwarsa, ni na ba da amsar, shi ba ya wurin, ya ce in faɗi gaskiya na ji kunyar mutane na yi ƙarya. Malama ta kai ni wurin mai fassara, aka buga hatimi, na sa hannu.

Jiya aka yi ganawar. Ba a barin 'yan rakiya shiga, sai na tsaya a jikin katanga tare da sauran iyaye, tun safe har azahar. Da ya fito na duba hannunsa, ba fasfo. Na ɗauka an hana shi ke nan. Ya riƙe ni ya ce in tsaya in ji.

Ya ce wata mata ce a bayan gilashi. Tun kafin ta buɗe baki ya tura mata fom biyu da takardar 'yan sanda da tawa, ya ce akwai ƙarya a na farko, ga gaskiyar. Ta karanta fassarar, sannan ta ɗauki tawa ta hannu ta daɗe tana dubawa duk da ba ta jin harshenmu. Ta tambayi wa ya rubuta. Ya ce mahaifiyata. Ta tambaye shi game da mutumin da ya karya, ya ce ba ranar da ba ya tuna shi. Ta tashi ta shiga ciki, ta daɗe, ta dawo. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ta riƙe fasfon ta ba shi wata farar takarda.

Ga abin da takardar ta ce, Malama da mai fassara duk sun duba. Suna son abu biyu kafin ranar ashirin da biyar ga wannan wata. Na ɗaya, shaidar kotu cewa ya gama wa'adinsa kuma ba wata ƙara a kansa. Auta ya tafi tsohon garinmu yau da safe neman ta, ya ce ba zai dawo ba sai da ita. Na biyu, sabuwar takarda daga likitanki, ba daga jami'ar ba, mai bayanin halin da kike ciki yanzu da cewa ba wani mai ba ki sai shi. In ranar ta wuce ba su samu ba, za su rufe maganar da abin da ke hannunsu, kuma kin san abin da ke hannunsu. Wannan ta biyun tana wurinku. Ki sa maigidanki ya tsaya a ƙofar likitan kada ya matsa sai an ba shi.

Saura abu ɗaya. Kwana goma sha uku ke nan ban ga komai daga gare ki ba. Duk sanda Auta ya kira, maigidanki ne yake ɗauka, ya ce da sauƙi, tana barci. Ni na san irin wannan amsar, shekara takwas ina ba da ita. Kada ku yi mini abin da na yi miki. In jikin ya yi tsanani a gaya mini, zan iya ɗauka.

Malama za ta tura hoton wannan yanzu. Takardar likita ta isa gare su kafin ashirin da biyar. Ni kuma ki aiko mini da layi ɗaya kafin ranar, da hannunki, ba na maigidanki ba. Ko ya karkace, ko harafi uku ne, ki rubuta. Zan iya karantawa.

Mahaifiyarki.